TONON SILILI GA MASU AIKIN SA KAI ZALUNCI NE

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, in ya nemi tarihin garinsu a wayarsa, sau da yawa Wikipedia ce ke ba shi amsa, har da Hausa. Tun da aka kafa wannan kundin ilmi a 2001, masu aikin sa kai ne ke rubuta shi, ba albashi ba lada, akasarinsu kuwa da sunan aro suke aiki. To, wannan suna na aro shi ne garkuwarsu, shi ne kuma masu iko suke ƙoƙarin fasawa.

A watan Maris na 2022, a ƙasar Belarus, aka baza suna da hoton Mark Bernstein a dandalin Telegram saboda gyare-gyaren da ya yi game da yaƙin Rasha da Yukiren. Ba a jima ba aka kama shi, daga baya kotu ta tauye masa walwala ta shekara 3. A Faransa, a 2013, jami'an leƙen asiri sun kira wani mai aikin sa kai suka tilasta masa ya goge bayani kan wata tashar sadarwa ta soja, alhali ba shi ya rubuta ba. A Indiya kuwa, a 2024, Babbar Kotun Delhi ta umarci a bayyana mata mutum 3 da suka gyara shafin kamfanin dillancin labarai na ANI.

Wasu na cewa mai gaskiya ba ya ɓuya, kuma mai sunan aro yana iya ɓata sunan bayin Allah ya tsere. Maganar tana da nauyi, amma ta manta da tsarin kundin. Ƙa'ida ce a kawo madogara ga abin da aka rubuta, kowane gyara yana nan a ajiye, kowa kuma yana iya warware shi. Saboda haka wanda aka yi wa ƙarya yana da hanyar gyara ba tare da ya san ƙofar gidan marubuci ba. Mai neman adireshi ba gyara yake nufi ba, tsoratarwa yake nufi, kuma in tsoro ya shiga, masu faɗin gaskiya su ne za su fara ajiye alƙalami.

Ya kamata matasan da ke rubutu a sashen Hausa su ɗauki darasi, musamman masu taɓa siyasa, sarauta ko rikicin ƙabilanci, balle wanda ke zaman baƙunci. Kada mutum ya yi rajista da sunansa na yanka, kada ya ambaci unguwarsu ko wurin sana'arsa, kada kuma ya ɗauki sunan da aka san shi da shi a Facebook. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.