Hasken Hunturu Ba Ya Jira

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙurar Sahara har gaɓar tekun Lome. Hazo ya dusashe rana, inuwa ta yi laushi, fuskar mai shayi a Adakpamé ta fito sarai da sassafe. A ganina, ya dace matasanmu masu waya su riƙa ɗaukar hoto guda kullum, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan neman izinin mutane. Wani zai ce aikin banza ne. To, a 1977 aka rushe tsohon Zangon Lome. Duk mai hotonsa a yau, dukiya ce a hannunsa. 'Yan'uwa, mu adana kamannin unguwarmu tun tana tsaye.