Shakespeare ko Shaihu Zubairu? Kama da Wane Ba Ta Wane

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya ratsa makarantar sakandare bai ci karo da sunan William Shakespeare ba, watau marubucin wasannin kwaikwayon nan na Ingila wanda aka haifa a 1564, ya rasu a 1616. Wanda ma bai karanta shi da Ingilishi ba yana iya karanta shi da Hausa, tun da yake Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara ɗaya daga cikin wasanninsa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. To, amma akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, wai mutumin nan Balarabe ne, sunansa na gaskiya Shaihu Zubairu, Turawa ne suka lauye shi don su mallake shi.

An danganta farkon maganar ga Ahmad Faris al-Shidyaƙ, wani marubuci ɗan ƙasar Labanan na ƙarni na 19, wanda ya faɗe ta cikin raha. Daga baya wani malami ɗan Iraƙi, Safa Khulusi, ya ɗauke ta da gaske wajejen 1960, sa'an nan a 1989 aka ruwaito Mu'ammar Gaddafi na Libiya yana maimaita ta. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin sunan, da ma'anarsa, da yaɗuwarsa, don a nuna cewa maganar ba ta da tushe. Abin da ya sa batun ya shafi ɗalibin Hausa kuwa shi ne, irin hanyar da aka bi aka ƙago Shaihu Zubairu, ita ce ake yawan bi wajen bayyana asalin sunayen Hausa.

Yadda Ingilishi Suka Sami Sunayen Gado

Bahaushe ba ya da sunan da dukan zuriya take gado kaka da kakanni. Yakan haɗa sunansa da na mahaifinsa, ko da na garinsu, kamar yadda aka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Haka mutanen Ingila su ma suke a da. Sai bayan da Normandawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1066 aka fara gadon suna, ya faro daga manyan masu ƙasa, ya gangaro a hankali zuwa ga talakawa, har ya zamana wajejen shekarar 1400 galibin gidaje sun riƙi suna guda. Rubuce-rubucen haraji da na shari'a da na gadon gona sun taimaka ƙwarai wajen kafe sunayen. A 1538 kuma aka umarci kowane coci ya riƙa ajiye littafin rajistar baftisma da aure da jana'iza. Waɗannan takardu su ne madogarar masu nazarin sunaye, irin su P. H. Reaney, wanda ya fitar da ƙamus ɗinsa na sunayen Birtaniya a 1958.

Manazarta sun kasa sunayen gado na Ingilishi kashi huɗu. Akwai na sana'a, kamar Smith, watau maƙeri. Akwai na wuri, kamar Hill, watau tudu. Akwai na uba, kamar Johnson, watau ɗan John. Na huɗu shi ne laƙabi, wanda aka liƙa wa wani kaka saboda halinsa ko kamanninsa, ya bi 'ya'ya da jikoki. A wannan kashi na huɗu sunan Shakespeare yake.

Ma'anar Sunan

Kalmomi biyu aka haɗa: aikatau shake, mai ma'anar girgiza ko kaɗa, da kuma suna spear, watau mashi. Dukansu biyu tsofaffin kalmomin Ingilishi ne da suka girmi zuwan Normandawa. Ke nan in za a mayar da sunan Hausa sai a ce Kaɗa-mashi. Wannan ƙira ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin shi ma yakan haɗa aikatau da suna ya yi laƙabi. Alal misali, ana yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, laƙabi da Ci-gari. Haka nan akwai Sha-tambaya da Fasa-taro.

Sunan kuma yana da 'yan'uwa da yawa a Ingilishi waɗanda aka ƙera a wannan maƙera. Akwai Drinkwater, watau Sha-ruwa, da Wagstaff, watau Kaɗa-sanda, da Makepeace, watau Yi-sulhu. Mafi kusa da shi shi ne Breakspear, watau Karya-mashi, sunan Nicholas Breakspear, wanda ya zama Paparoma Adrian na Huɗu daga 1154 zuwa 1159, shi ne kuma kaɗai ɗan Ingila da ya taɓa hawa wannan kujera.

Game da dalilin laƙabin, masana sun kawo fassara fiye da ɗaya. Wasu sun ce na mayaƙi ne mai riƙon mashi. Wasu sun ce na mafaɗaci ne, ko kuma na ba'a ga mai cika baki, wanda ya iya kaɗa mashi a gaban jama'a amma ba a taɓa ganinsa a fagen daga ba. Akwai shaidar da take ƙarfafa wannan fassara ta biyu. A 1487 wani malami a Kwalejin Merton ta Jami'ar Oxford mai suna Hugh Shakspere ya bar sunan ya koma Sawnders, littafin kwalejin kuwa ya rubuta cewa dalili shi ne ana ganin sunan ƙasƙantacce ne. Watau sunan da a yau ake ƙoƙarin ƙwacewa saboda darajarsa, akwai lokacin da mai shi ya yar da shi don kunya.

Hujjoji Huɗu

Duk mai son tabbatar da asalin wani suna, akwai tambayoyi huɗu da ya wajaba ya amsa: yaushe aka fara rubuta sunan, su wane ne suka riƙe shi, shin ƙirarsa ta dace da ƙa'idar harshen, kuma yaya mutanen zamanin suka fahimce shi? An riga an amsa ta uku a sama. Sauran ukun ma amsarsu a fili take.

Ta fuskar lokaci, an sami sunan a takardun shari'a tun 1248, inda aka ambaci wani William Sakspere na ƙauyen Clopton a gundumar Gloucestershire, wanda aka rataye saboda fashi. Tsakanin wannan shekara da haihuwar marubucin akwai shekara 316, ƙauyen kuwa mil kaɗan ne daga Stratford, garin da aka haife shi. Sunan da ya girmi mutum da ƙarni uku a yankinsu ba zai yiwu a ce da shi ya shigo ƙasar ba.

Ta fuskar zuriya, an san kakansa Richard, manomi ne a ƙauyen Snitterfield. An san mahaifinsa John, baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, wanda ya riƙe muƙamin magajin garin Stratford a 1568. Littafin cocin garin kuma ya rubuta baftismar William a ranar 26 ga Afrilu 1564. Dukansu uku suna ɗaya suke amsawa.

Ta fuskar fahimtar mutanen zamani, a 1592 wani marubuci mai suna Robert Greene ya yi masa habaici a cikin wani ɗan littafi, ya ɗauki rabin sunan na farko, watau shake, ya liƙa masa wata kalma daban. A 1596 kuma, da aka ba mahaifinsa tambarin gida, sai aka zana mashi a kan garkuwar, aka ɗora shaho a sama yana riƙe da wani mashin. Ke nan da mai habaici da masu zana tambari duk sun ji kalmomin nan biyu a cikin sunan.

Mai karatu zai iya tambaya, to daga ina kamar ta fito? Daga bakin Balarabe ta fito. Larabci ba ya da sautin da Ingilishi yake rubutawa da harafin p, saboda haka Balarabe yakan musanya shi da b, ya ce Shaksbir, daga nan kuwa zuwa Shaihu Zubairu taki ɗaya ne. Bahaushe da f yake musanya wannan sauti, shi ya sa yakan ce Shakisfiya, a bakinsa kuwa babu wani Zubairu da ya rage. Kamar da take ɓacewa da zarar an sauya mai furuci ba ta isa ta zama hujja ba. Ba Larabawa kaɗai suka yi wannan kwaɗayi ba: an sami masu cewa sunan daga Faransanci Jacques Pierre ya fito, wasu kuma a Italiya suka ce fassara ce ta sunan wani gida a tsibirin Sisili. Dukansu sun faɗi a kan tambayar farko, ta lokaci.

Masu wannan ra'ayi sukan kuma kafa hujja da bambancin rubutun sunan. Gaskiya ne an rubuta shi ta hanyoyi da yawa. A takardun aurensa na 1582 an sami Shaxpere da Shagspere, sa hannunsa guda shida da suka wanzu kuma babu ko ɗaya da ya zo daidai da yadda ake rubuta sunan a yau. Amma a zamanin ba a daidaita ƙa'idar rubutun Ingilishi ba, kowane magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya ji. Rubutun da aka saba da shi yanzu shi ne wanda maɗaba'a ta yi amfani da shi, musamman a kundin wasanninsa na 1623.

Yaɗuwar Sunan

Duk da shaharar mai shi, sunan bai yawaita ba. Masu amsa Smith a Birtaniya sun kai dubu ɗaruruwa, masu amsa Shakespeare kuwa 'yan dubbai ne kawai. Har yanzu kuma cibiyarsu ba ta yi nisa da inda aka fara ganin sunan ba, watau yammacin tsakiyar Ingila, gundumomin Warwickshire da Staffordshire da Worcestershire, da birnin Birmingham da kewayensa. A Birmingham aka haifi Craig Shakespeare, wanda ya horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City a 2017, ya rasu a 2024. Wannan taruwa a wuri guda ita ma hujja ce, domin sunan da ya shigo tare da mutum ɗaya a ƙarni na 16 ba zai bazu a ƙauyukan Warwickshire tun kafin haihuwarsa ba.

Abin mamaki shi ne babu ko ɗaya daga cikin masu sunan a yau da ya gaje shi daga marubucin. Ɗansa namiji tilo, Hamnet, ya rasu a 1596 yana da shekara 11. 'Ya'yansa mata biyu, Susanna da Judith, sun auri Hall da Quiney, suka koma amsa sunayen mazansu bisa al'adar ƙasar. Judith ta sa wa ɗanta na fari suna Shakespeare, amma ya rasu yana jariri. Zuriyar ta ƙare a 1670 da rasuwar jikarsa Elizabeth, wadda ba ta haihu ba. Jinin gidan ya ci gaba ne ta wajen ƙanwarsa Joan, su kuwa Hart suke amsawa. Saboda haka masu sunan na yanzu daga waɗansu gidaje suka fito.

A wajen Ingila sunan ya bi hanyar da sauran sunayen Ingilishi suka bi, ta ƙaura da mulkin mallaka, zuwa Amurka da Ostireliya da tsibiran Karibiyan. A Jamaika, inda bayi da 'ya'yansu suka ɗauki sunayen Turawa, an yi shahararren makaɗin nan Robbie Shakespeare, baƙar fata, wanda aka haifa a 1953, ya rasu a 2021. Wannan ya nuna cewa ko da an tabbatar da asalin suna, ba a tabbatar da asalin mai amsa shi ba. Tarihin kalma daban, tarihin jini daban.

Kammalawa

Wani zai ce mene ne aibin maganar Shaihu Zubairu, tun da raha ce, tana kuma faranta ran waɗanda Turawa suka daɗe suna rena musu tarihi? Aibinta biyu ne. Na farko, al'ummar da ta haifi Mutanabbi da Ibn Khaldun ba ta bukatar aron marubucin wasu, wanda kuma ya yi da'awar abin da ba nasa ba yakan jawo a yi shakkar abin da yake nasa. Na biyu, tana koya wa ɗalibi cewa kunne kaɗai ya isa ya yanke hukunci.

A nan ne batun ya dawo gida. Sau da yawa akan ji ana cewa kalmar Hausa daga hau sa ta fito, ko Bayajida daga ba ya ji da. Irin wannan bayani yana da daraja a matsayin adabin baka, ya kamata a tattara shi, a adana, a nazarci abin da yake nunawa game da tunanin masu faɗinsa. Amma kafin ɗalibi ya rubuta shi a kundin digirinsa da sunan tarihi, wajibi ne ya gwada shi da tambayoyin nan huɗu. Lalle ƙasar Hausa ba ta da rajistar coci ta 1538, amma tana da jerin sunayen sarakuna, da Tarihin Kano, da rubuce-rubucen ajami, da littattafan matafiya Larabawa, da kirari, da kare-karen harshe na Sakkwato da Katsina da Damagaram, waɗanda sukan riƙe tsohuwar sigar kalma bayan ta sauya a wani wuri, da kuma harsunan dangin Cadi da za a iya kwatantawa da su. Malaman da suke duba kundaye su ne ya kamata su fara tambayar ɗalibi inda ya ga sunan a rubuce tun farko, da shekarar da aka rubuta shi. In ya kawo amsa, an sami ilmi. In kuwa abin da ya kawo shi ne kalmar ta yi kama da wata, sai a tuna masa da abin da Hausawa suka faɗa tun tuni, kama da wane ba ta wane.