Tambayar yaro ƙofa ce, kada mu rufe ta



Yaro ɗan shekara 4 ko 5 ba ya gajiya da tambaya. "Baba, wa ya rataye wata?" "Inna, ina shamuwa take tafiya da rani?" Da yawa cikinmu mukan ce: "Yi shiru, ka cika surutu." Wasu su ce "ikon Allah ne", su juya baya. Lalle ikon Allah ne. Amma in ka tsaya nan, ka nuna ma yaro ƙofa ne, ka kuma rufe ta.

Addini bai hana kallo da tunani ba. Ku tambayi malamin garinku. Cikin Alƙur'ani akwai sura mai sunan saniya. Akwai ta ƙudan zuma, da ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta giwa. Suratul Gashiya, wadda yara ke karantawa a allo, tana kiran mutum ya dubi raƙumi, da sama, da duwatsu, da ƙasa. To, wa zai koya ma yaro dubawa in ba uwayensa ba?

Mu ɗauki gawo. Duk icce yana ganye da damana. Shi gawo da damana yake kaɗe nasa, sai da rani ya yi kore shar. Yaro zai tambayi dalili. Ka kai shi gindin gawo. Ka ce masa saiwarsa tana nitsewa ƙasa ƙwarai, har inda laima take, shi ya sa rani ba ya damunsa. Ganyen da ya zuba taki ne. Tunda ba ya da ganye da damana, ba ya tare ma hatsi rana. Ku gwada zangarniyar gindin gawo da ta fili, yaro ya gani da idonsa. Ka tuna masa da ƴaƴan gawon da awaki ke tsinta lokacin da ciyawa ta ƙare. Sannan ka tambaye shi: "Wa ya shirya wannan?" Da kansa zai ba ka amsa.

Haka shamuwa. Tana zuwa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, ta ci fara da ƙwari. In damana ta wuce, sai ta bi ruwan sama zuwa kudancin Afirka da gabashinta. Ba ta da jagora, ba ta ɓata hanya. Yaron da ya ji wannan ba zai jefe ta da dutse ba.

Maganar ba ta wasa ba ce. Mun ga farin 1973 da na 1984. Mun san abin da iska ke yi ma gonar da ba ta da icce. Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka kama sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona. A ƙasar Matamai da Magarya gawo ya yawaita. Wa zai riƙe wannan aiki bayanmu? Yaron da ya san icce amanar Allah ce. Wanda aka tsawata ma duk lokacin da ya buɗe baki zai daina tambaya. Wanda ya daina tambaya kuwa, gatari kawai zai gani in ya dubi icce.

In tambaya ta fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne. Kama hannunsa ku tafi wajen tsoho, ko malam, ko mushen lakwal, ko ma'aikacin gona. Ku ji amsa tare. Mata ma haka, don yaro ya fi zama wurinku, a bakin rijiya da wajen sussuka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damana mai albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.