Kawu, Wane Lens Zan Saya?

Daren Juma'ar da ta gabata, bayan sallar isha'i, ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a nan Taura, waya a hannu, fuska ba walwala. Yaron mai hoto ne: biki, suna, saukar karatu, wani lokaci taron 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Bana kakarsa ta wajen uba ta samu kujerar Makka bayan shekaru tana zubin adashe, shi kuma ya ci alwashin sai ya ɗauki jirgin da zai tashi da ita daga Dutse, ya wanke hoton, ya rataye mata a ɗaki kafin ta dawo. Ya sayar da shinkafar da ya noma a fadama, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ga shi yanzu yana nuna mini hoton wani zungureren lens da wani dillali a Kano ya turo masa.

"Kawu, ka gani? Milimita 600. An ce da wannan har fuskar matuƙin jirgi zan gani."

Na ce masa ya zauna tukuna. Na yi shekaru da kyamara a wuya kafin alƙalami ya rinjaye ta, kuma na san wannan zazzaɓin, don ni ma na yi shi. Abin da na faɗa masa a daren nan shi zan maimaita a wannan fili, domin na lura samarinmu masu wannan sana'a da yawa suna zuba kuɗin guminsu a kan tsawon lens, alhali abin da ke ɓata musu hoto yana wani wuri daban.

Mu fara da lissafi, wanda ba ya son kai. Babban jirgin alhazai irin Boeing 747 tsawonsa ya kai kusan mita 70. Kyamarar da yaron yake da ita, kamar ta yawancin masu hoton biki a Jigawa, mai ƙaramin faranti ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta faɗinsa bai wuce milimita 24 ba. Idan ka ɗaura mata lens mai milimita 300, jirgin nan zai cika hoton daga gefe zuwa gefe yana nesa da kai da kusan mita 900. Ka ji fa, kusan kilomita guda. Da milimita 600 kuwa, sai dai ka samu kai babu wutsiya, ko wutsiya babu kai, kana ta lalube a sama jirgi ya wuce. Lens mai zuƙowa daga 70 zuwa 300, wanda ba shi da tsada kamar wancan kuma nauyinsa bai kai rabin nasa ba, ya ishe shi har da saura.

Ya ce to ai idan ya tsaya nesa sosai babban zai yi amfani. Nan ne na ce masa ya manta ƙasar da yake. A shekarun nan jigilar alhazai tana faɗowa ne cikin bazara ko gab da faɗuwar damina, lokacin da kwalta ke tafasa. Duk wanda ya bi hanyar Gujungu zuwa Jahun da tsakar rana ya ga yadda titi ke rawa a gabansa kamar an zuba ruwa. Wannan kawalwalniyar ita ce babbar abokiyar gabar mai hoton jirgi. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa tana karkata haske, kuma gwargwadon nisan da ke tsakaninka da jirgi, gwargwadon yawan iskar da hasken zai ratsa. Dogon lens ba ya kawar da ita. Ƙara girmanta yake yi. Sai ka ga rubutun jikin jirgi ya karkace kamar an rubuta shi a kan ruwa, kuma babu kwamfutar da za ta miƙar da shi. Maganinta biyu ne: ka matso iyakar inda doka ta yarda, kuma ka yi aikinka da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya. In kuwa jirgi ya riga ya ɗaga ya rabu da zafin ƙasa, hoton yakan fi fita. Da hunturu matsalar ta sauya kama, hazo ne ke shanye launi ya bar maka jirgi fari a kan sama fara, ga ƙura mai jiran ka kwance lens ta faɗa kan faranti. Ɗigonta ba ya ɓuya a hoton sararin sama. Shi ya sa nake cewa a ɗaura lens tun daga gida, kada a kwance shi a fili.

Sai batun saurin ƙiftawar kyamara, wanda shi ne ainihin sana'ar. Jirgin jet yana son sauri, kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko fiye, ƙofar haske kuma a tsakiya, wajen f/8, inda yawancin lens masu araha suka fi kaifi. Ranarmu ta wadatar, ba sai an wahalar da kyamara ba. Amma jirgi mai farfela, irin ƙananan nan da akan turo feshin jan-baki idan tsuntsayen suka addabi gonakin shinkafa da gero, dokarsa daban ce. Idan ka ɗauke shi da wancan saurin, farfelar za ta tsaya cak, jirgin ya zama kamar wanda injinsa ya mutu yana shirin faɗowa. Dole ka sassauta zuwa kashi ɗaya cikin 250 ko ƙasa da haka, domin farfela ta bar inuwar juyawarta, kai kuma ka bi jirgin da jikinka, ƙafa a kafe, ƙugu na juyawa, ka danna kana cikin bi, kada ka tsaya bayan ka danna. Wannan ba a sayensa a kanti. Na ce wa yaron ya je bakin titi ya yi mako biyu yana bin motocin da ke wucewa zuwa Haɗeja, in ya gaji ya koma kan shirwa da balbela. Wanda ya iya kama balbela a sama, jirgi mai tan ɗaruruwa ba zai kuɓuce masa ba.

Game da kayan hannu kuwa, ba na hana kowa saye, don sabo ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Sai dai a haska tocila a cikin lens a duba. Wanda ya daɗe a ajiye a wuri mai laima yakan yi wani zare-zare kamar saƙar gizo a jikin gilashi, kuma irin wannan ba ya jin goge-goge. A gwada shi a kan kyamarar mai saye, a tabbatar yana kama abu mai motsi da sauri. Kada a biya kuɗi a kan hoton WhatsApp.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci, kuma na faɗa masa da kakkausar murya. Filin jirgi wurin tsaro ne. Mutum ya tsaya a bakin shinge da baƙin bututu mai tsawon kamu biyu a kafaɗa yana saitin jirgi, a wannan zamani da muke ciki, bai kamata ya yi mamaki ba idan aka ɗauke shi wani abu daban. Ni kaina na taɓa yini a wani ofishi a wani filin jirgi, shekaru da dama da suka wuce, ina rantse-rantse, aka zare fim ɗina gaba ɗaya, har da hotunan bikin mutane da ban riga na wanke ba. Laifina ne, ban nemi izini ba. A rubuta takarda, a bi ta hannun hukumar filin ko jami'an alhazai, a tsaya inda aka ce a tsaya. Jirgi mara matuƙi kuwa, wanda samari suka fara yayi a bukukuwa, kada ma a kusanci filin jirgi da shi. Tashinsa a ko'ina ma yana bukatar izinin hukuma.

Da muka kai nan sai na juya masa maganar, na ce, "Kai kana ta tunanin ɗaukar jirgi daga ƙasa. Ka taɓa tunanin ɗaukar ƙasa daga jirgi?"

Jiragen sama sun fara sauka Kano a watan Nuwamban 1925, guda 3 na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Bayan shekara 5, wani matuƙi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Walter Mittelholzer, wanda kuma gwanin hoto ne, ya ratso Sahara a tafiyarsa ta Tafkin Chadi ta 1930 zuwa 1931, ya ɗauki birnin Kano daga sama. Hotunan suna ajiye a wani ɗakin karatu a Zurich, an kuma ɗora su a intanet. Duk Bakanon da ke son ganin yadda birninsa yake kafin kwano da siminti su rufe shi, wurin baƙon nan zai je aro. Abin yana yi mini daɗi, yana kuma yi mini ciwo. Filin jirgin Dutse ya fara aiki tun 2014, mutanenmu dubbai sun tashi daga cikinsa sun sauka, kowa da waya a aljihu, amma da wuya ka ga hoto mai kyau guda na duwatsun Dutse daga sama, ko na Kogin Haɗeja yadda yake lanƙwasa ta ƙasar Ringim da Taura. A ambaliyar 2022, da ruwa ya ci gonaki da gidaje a wannan yanki, mun yi ta jayayya a majalisa kan inda ruwan ya ɓalle da inda kacala ta toshe masa hanya, kowa na faɗin abin da ya gani daga tudun garinsu. Hoto guda daga sama, mai kwanan wata, da ya rage mana musu, da kuma ya ba masu kai kuka gaban hukuma abin nunawa.

Kuma wannan aikin ba ya bukatar dogon lens ko kaɗan. Ɗan gajeren nan da ke zuwa tare da kyamara, mai 18 zuwa 55, ya isa, waya mai kyau ma ta isa. Abin da ake bukata sanin taga ne. A nemi kujera a gaban fiffike, domin a bayansa hucin inji yana dama hoto kamar yadda zafin kwalta ke yi. A zaɓi gefen da rana ba ta dukansa. Tagar jirgi ba gilashi ba ce, roba ce mai rufi-rufi, saboda haka tacen nan mai kashe ƙyalli da masu hoto ke ɗaurawa a bakin lens ba ya aiki a nan, launukan bakan gizo zai zuba maka a hoto. A cire shi. A matso da lens dab da taga amma kada ya taɓa ta, don karkarwar jirgi za ta bi ta jikinsa. Farar riga tana dawowa a jikin taga ta shiga hoto, wanda ke nufin alhaji mai harami sai ya kare gefen lens da tafin hannu ko wani baƙin ƙyalle. Lokacin ɗauka kuma gajere ne, 'yan mintocin farko bayan tashi da na ƙarshe kafin sauka, sa'ad da ƙasa ke kusa kuma hazo bai shiga tsakani ba, muddin ma'aikatan jirgi ba su hana ba. Batiran ajiya a jakar hannu ake sa su, ba a cikin kayan awo ba. Wannan dokar jiragen sama ce.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ai ba ni ne zan hau ba, Inna ce." Na ce ai Inna tana da jika a cikin ayarin, ƙanwarsa da za ta raka ta, kuma tana da waya. Ya koya mata abubuwan nan guda huɗu ko biyar kafin ranar. Shi ya tsaya a ƙasa da izininsa a aljihu, ita tana sama, su haɗa wa tsohuwa hoto biyu.

Ya tafi bai ce ya yarda ba. Shekaranjiya dai na hango shi a bakin titi wajen tasha, da aron lens mai 70 zuwa 300 na wani abokin sana'arsa, yana bin wata motar itace da kyamara, yara sun kewaye shi suna dariya. Kuɗin shinkafar, in ji mahaifiyarsa, har yanzu suna wurinta, dillalin Kano kuma ya kira sau uku.