Lamba Ba Ta Ba Da Shaida

A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, suka daidaita a kan tsari guda na kawo madogara: a ɗora lamba a ƙarshen jimla, a tara cikakken bayani a ƙarshen maƙala. Injiniyoyi ma haka suke yi a tsarin IEEE. Hujjar ita ce tsimin wuri da tsabtar shafi. Shafi kuwa ya yi tsab, amma an kawar da abu biyu da mai karatu ya fi bukata: wa ya faɗa, kuma yaushe?

Dubi abin da ya faru da wasiƙar da Jane Porter da Hershel Jick suka buga a New England Journal of Medicine a 1980. Jimla biyar ce kacal, a kan majinyatan da ke kwance a asibiti, inda suka ce ba kasafai magungunan kashe zafi dangin ofiyom ke kama mutum ba. A 2017 masu bincike suka ƙirga an kafa hujja da ita sau 608. Kashi 72 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin shaidar cewa kamuwa da waɗannan magunguna abu ne mai wuya, kusan kashi 81 kuma ba su ambaci cewa 'yan kwanciyar asibiti ake nufi ba. Amurka ta ɗanɗana kuɗarta.

Ba tsarin lamba kaɗai ya jawo wannan ba, amma shi ya ba ganganci mafaka. Idan marubuci ya jera [3–11], gajeriyar wasiƙa da gwajin shekara goma sun zama tsayi ɗaya. Mutum nawa ne za su juya shafi su bincika? Malaman hadisi sukan binciki masu ruwaya da matsayinsu kafin su karɓi ruwaya.

Mujalla na iya tilasta maka lamba, amma ba ta hana ka rubuta jimla ba. Duk inda hujjarka ta rataya a kan aiki guda, ambaci mai shi da shekararsa da irin binciken, sannan ka sa lambar. Abin da ba ka karanta da idonka ba kuwa, kada ka ba shi lamba ko kaɗan.