Na'urar maimaita numfashi: haɗarin da ba ya sallama

A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo shagonmu na magani a nan Legas tana neman maganin mura. Na tambaye ta na wane ne, ta ce na maigidanta ne, mai aikin nutso a teku, kuma washegari zai shiga ruwa. Na ce mata: "Hajiya, wannan murar a kai ta gaban likitan wurin aikinsu tukuna."

Wasu masu nutso suna goya wata na'ura da ke maimaita musu numfashinsu. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuma tana da sauran kusan kashi 16. Na'urar takan tare wannan iska, ta bi da ita ta cikin wani sinadari mai kama da tsakin alli, ana ce masa sodalayim, ya tsotse gurɓatacciyar iskar kabon dayoksaid. Sai ta ƙara oksijin, ta mayar wa mutum. Irin sinadarin ne ake zubawa a injin sa barci na ɗakin tiyata.

Haɗarinta uku ne. Idan oksijin ya yi kaɗan, mutum kan suma ba tare da ya ji komai ba. Idan ya yi yawa a zurfi, yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan kuma kabon dayoksaid ya taru, sai haki, ciwon kai da ruɗewa.

Na ukun ne ya yi ajalin Dave Shaw, ɗan Ostareliya kuma ƙwararren mai nutso, ranar 8 ga Janairun 2005 a kogon Boesmansgat na Afirka ta Kudu. Ya sauka mita 270 domin ɗauko gawar Deon Dreyer, wanda ya rasu a can a 1994. Masanan da suka duba bidiyon kyamararsa sun gano cewa wahalar aiki a wannan zurfi ta sa iskar ta taru a jikinsa har ya suma.

Shi ya sa ƙa'idojin ke da tsauri. A zuba sabon sinadari, kada a wuce sa'o'in da kamfanin ya ƙayyade, a kuma ajiye ragowar a rufe ruf. A gwada ma'aunan oksijin kafin kowane nutso. A shaƙi na'urar na wasu mintuna a tudu. A riƙe tukunyar iska ta ko-ta-kwana, kuma kada a shiga ruwa ba abokin tafiya.

Ga inda iyali suka shigo. Mura kan toshe hanyar da ke tsakanin kunne da maƙogwaro, matsin ruwa ya fasa dodon kunne. Maganin buɗe hanci na iya sakin mutum yana can ƙasa. Piriton da ire-irensa suna sa gyangyaɗi. Tiramadol kuwa yana ƙara haɗarin jijjiga. Don haka uwargida, idan kin zo saya wa maigida ko ɗanki magani, ki faɗa mana sana'arsa.

Hajiyar ta dawo bayan kwana uku. Likita ya hana maigidan shiga ruwa sai ya warke, kuɗin aikin ranar ya wuce su, amma yana gida yana shan kununsa. Allah Ya tsare mana masu nema a tudu da cikin ruwa.