Mun San Bayajida, Ba Mu San Sunan Kakarmu Ba



Watan jiya, bayan mun sallame La'asar, wani yaro ɗan unguwar nan ya biyo mu shago riƙe da takardunsa. Neman gurbin karatu yake yi, an ce sai ya kawo takardar shaidar asali, wadda yara ke kira indijin. Ya je wani ofishi a garin nan, aka dubi sunansa aka ce masa: "Kai ai Afuno ne, je garinku." Ya ranci kuɗin mota, ya kwana a hanya, ya isa garin da ya taɓa jin marigayi babansa yana ambata. Can kuma aka tambaye shi: wace unguwa, wane gida, jikan wane ne kai? Ya ce jikan Baba Mai Goro. Aka yi dariya, aka ce rabin tsofaffin garin masu goro ne. Da ya dawo sai wani ya ja shi gefe, ya ce ya kawo kuɗi a liƙa masa suna irin na Barebari da sunan wani ƙauye, magana ta ƙare. Abin da ya kawo shi wurinmu ke nan: "Malam, ya halatta?"

Muka ce masa bai halatta ba. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, ku da kuka raɗa mini suna, a ina kuka rubuta?"

Wallahi ba mu da amsa. Shekara ashirin da wani abu muna raɗin suna da ɗaurin aure da sallar gawa a unguwar nan, mun ci goro da dabino ba adadi, amma ko layi ɗaya ba mu taɓa rubutawa ba. Saboda haka wannan magana da kanmu za mu fara ta.

Kada wani ya ce mun wanke ofisoshi. A mayar da yaron da aka haifi kakansa a Yerwa baƙo zalunci ne, kuma sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa. Wannan faɗa ne da za mu ci gaba da yi. Amma da me za mu yi shi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan mu muka bar ta.

Ku duba fa. Kakanninmu ba jiya suka zo Barno ba. Tun ana Kukawa fatake ke kawo goro da tufafin rini, su koma da kanwa da dawakai. Almajirai suna tahowa gabas neman Alƙur'ani, wasu su hardace su koma, wasu su yi aure su zauna. Maniyyata masu tafiyar ƙasa suna yada zango a nan kafin su miƙa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta Abeshe da Sudan. Wani guzurinsa ya ƙare ya tsaya neman na gaba, har mutuwa ta riske shi yana cewa baɗi zai wuce. Rabe ya ci Kukawa a 1893, mutane suka watse. Da Shehu Garbai ya kafa Yerwa a 1907, da mahauta da marina da 'yan koli Hausawa aka raya kasuwarta. Wasu kuma jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan layin dogo ya iso a 1964. Ke nan akwai gidajen da tsufansu ɗaya da na garin kansa. Amma ka shiga irin gidan ka ce a lissafa maka kakanni huɗu, sai a tsaya a na biyu ana kallon juna.

Abin haushin shi ne, inda muka kasa riƙe na gaskiya, mun ƙware a ƙirƙirar na ƙarya. Kowa ya san Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya wuce Daura ya kashe macijiya. Amma tambayi mutum sunan matar da ta haifi babansa, sai ya ce "Iya muke ce mata." Mutum yana talaka jikan mai tallar kanwa ne, da Allah ya buɗa masa ya sayi mota biyu, sai maroƙi ya gano masa cewa kakansa basarake ne da aka hana gadon sarauta ya yi fushi ya taho gabas. Wani kuma dare ɗaya ya zama Sharifi. Jama'a, idan duk waɗanda suka zo Hausari 'ya'yan sarki ne da Sharifai, to wa ya yi fawar, wa ya yi rinin, wa ya yi dakon? Kowane ɗalibin Islamiyya ya san yadda shari'a ta tsananta a kan mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma hukuncin yana nan a Suratul Ahzab. Mai sayen sunan ƙauye a ofis da mai sayen sharifta a bakin maroƙi, laifinsu iri ɗaya ne. Ɗaya dai ya biya ma'aikaci, ɗaya ya biya makaɗi.

Akwai masu cewa asali aikin banza ne, duk 'ya'yan Adamu muke. Gaskiya ne ba a shiga Aljanna da sunan kaka. Amma da me ake rabon gado? Da me ake sanin wadda ta haramta a aura? Mun zauna a kan rabon gidan da ya ɗauki shekaru bai rabu ba, saboda an rasa wanda zai tabbatar ko wani tsoho da ya rasu ɗan'uwan mai gidan ne uba ɗaya, ko ɗan riƙo ne. Mun ga auren da aka fasa ana saura kwana uku, don wata gyatuma ta tuna cewa ta shayar da ango da amarya. Da ta riga mu gidan gaskiya da wata guda fa? Sanin nasaba aikin fiƙihu ne, wanda ya raina shi ya raina babin gado da babin aure.

Akwai kuma masu cewa a bar kaza cikin gashinta: in aka tona za a tarar da bauta, ko a tarar kakan wani daga Damagaram ya fito ko daga Chadi, a ba maƙiya sanda. Wannan tsoro mun fahimce shi, ba kuma za mu yi masa dariya ba. Amma ga labari biyu.

Na farko na Dorugu ne, yaro Bahaushe daga wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa, aka kawo shi Kukawa. Turawan Jamus masu yawon bincike suka 'yanta shi, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tafi da shi Ingila a 1855. Can wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Yau an san babansa Adamu makaɗi ne, an san uwarsa Kande. Bawa ne, ɗan makaɗi, amma sunan uwarsa ya tsira, na uwayen attajiran da suka yi cinikinsa ya ɓace. Bauta ba ta rage masa komai ba a idon mai hankali. Abin kunyar yana kan wanda ya kama da wanda ya sayar.

Na biyu dattawanmu sun gan shi da idonsu. A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, ta tsallaka da shi Chadi, wai babansa ɗan can ne. Mutum mai kujera a majalisa fa, ba mai tura baro ba. Babbar kotu a nan Maiduguri ta saurari shaidu a kan iyayensa, ta ce ɗan Nijeriya ne. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Ɓoye asali bai cece shi ba, shaida ce ta cece shi. Kuma ku lura da abin da sashe na 25 na tsarin mulkin yau ya tanada: ana zama ɗan ƙasa ta wajen uwa kamar yadda ake zama ta wajen uba, har ta wajen kaka ɗaya daga cikin huɗu. Ashe sunan matar nan da muke cewa "Iya muke ce mata" yana iya zama shi ne katangar jikanta ranar da aka zo da mota.

Yanzu bari mu faɗi wadda za ta yi wa wasu ɗaci. Maƙwabtanmu Kiristoci sun fi mu a wannan fanni. Tun da 'yan mishan suka sauka Garkida a 1923, al'adar coci ita ce a ajiye littafi: wanda aka yi wa baftisma, sunan ubansa da uwarsa, ranar aure, ranar mutuwa. Ɗan Bura ko ɗan Margi da iyayensa suka yi rajista yana da inda zai je a buɗe masa shafi. Mu kuwa da muke alfahari da cewa Barno ta yi ɗaruruwan shekaru tana rubutu kafin Bature ya zo, mu da mahaddatanmu ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, mun kasa rubuta cewa ran kaza aka haifi wane ɗan wane da wance. Tawada muna da ita, alƙalami muna da shi. Sakaci ne kawai. Ga dokar 1992 da ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya, amma sai yaro ya girma mu ruga kotu a yi takardar rantsuwar shekaru, kowa a ba shi 1 ga Janairu.

To wanda yake son ya nemo nasa, ina zai fara? Ya fara da tsofaffin matan gidansu, yau ba gobe ba. Ya sani kunya za ta hana tsohuwa faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, sai ya tambayi kishiyarta ko ƙawarta. Ya raba sunan yanka da laƙabi: Tanko da Ɗan Asabe da Mai Goro ba su isa a nemi mutum da su ba. In ba a san shekara ba, a auna da abin da aka sani: zamanin Shehu Garbai ne, wanda ya rasu a 1922, ko na Shehu Sanda Kura, ko na Shehu Sanda Kyarimi da ya hau a 1937? Kafin zuwan jirgin ƙasa ne, ko bayan canjin kuɗi na 1973? Sannan ya buɗe adakar gida da gafakar malam. Malaman da sukan rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a bangon littafi. Tsohon rasit na haraji, takardar cinikin gida mai shaidar Bulama ko Lawan, fasfon aikin Hajji, takardar rabon gado daga kotun alƙali, duk suna ɗauke da sunan uba, wani lokaci har da garin da aka fito. Mai hali ya je Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin Lardin Barno na zamanin Turawa suke, ga kuma Arewa House. Kada ya sa rai zai tarar da hoton kakansa; Bature ya fi damuwa da jimillar haraji a kan sunan talaka. Amma zai san yadda unguwanni suke da waɗanda ke riƙe da su. Abin da ya gani a takarda ya rubuta "na gani", abin da ya ji ya rubuta "wance ta ce". Inda ya tsaya ya tsaya, kada ya cike gurbi da sarauta.

Kuma a yi sauri. Gobarar kasuwar Monday Market ta watan Fabrairun 2023 ta cinye littattafan bashi da takardun shaguna na mutane da yawa. Ran 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Bulabulin har ƙofar fadar Shehu. Mu kanmu akwai akwatin ƙarfe na kakanmu da ke ajiye a gidan wata gwaggonmu a Gwange. Shekara nawa muna cewa za mu je mu duba abin da ke ciki. Da ruwa ya janye muka buɗe, takardun sun zama kamar tuwo, tawadar ajami ta wanke tas. Gwaggon ma ba ta kai azumi ba. Abin da ta sani ya tafi da ita, abin da akwatin ya sani ya tafi da ruwa.

Don haka ga abin da muka ɗaura niyya, muna kuma kiran sauran limaman unguwa da masu unguwanni su yi. Masallacinmu ya sayi manyan littattafai uku: na suna, na aure, na rasuwa. Daga Juma'ar nan, duk wanda ya kira mu raɗin suna zai faɗi sunan yanka na uba da na uwa, da na iyayensu, da garin da aka fito in an sani. Ba za mu rubuta wa kowa Sharifi ko ɗan sarki ba sai da hujja, ko da ya yanka sa. Kowane wata yaran Islamiyya za su ɗauki hoton shafukan a waya, a ajiye kwafi a gidan bene, a aika wani wajen 'yan'uwa a wani gari. Littafin masallaci ba zai maye gurbin takardar Hukumar Ƙidaya ba, saboda haka za mu riƙa tambayar uban jariri ko ya karɓo ta.

Wanda ya ga mun yi kuskure, shagonmu a buɗe yake, ya zo mu yi magana da hujja. Yaron nan kuwa mun haɗa shi da wata tsohuwa a bayan masallaci da ta yi zaman maƙwabtaka da kakarsa. Ta ba shi sunan yankan Baba Mai Goro da sunan unguwarsu a can. Ranar Asabar zai sake hawa mota.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muka bari ya ɓace. Wassalam.